Daga Allo Zuwa Bakin Aiki: Wudil Da Horon Injiniyoyinmu

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Maiduguri a ranar Juma'a ya san irin cunkoson da akan yi a gadar Wudil. A ranar ce kasuwar garin take ci, kuma kasuwar shanunta, wato kara, tana cikin manya a ƙasar nan. Ga tireloli shaƙe da shanu za su Kudu, ga tifofi suna hawowa daga bakin kogi da yashi, ga motocin haya, ga masu babura, ga masu tafiya a ƙasa da kaya a ka. Duk wannan nauyi a kan gada yake, amma da wuya ka ga wanda ya tsaya ya tambayi wane ne ya auna ƙarfin ginshiƙanta, balle ya tambayi inda ya koyi awon. Kowa yakan ba da amana ne ya wuce abinsa.

To, wannan amana ita ce muke so mu duba a wannan mako. A yau gidajen masu bi da yawa suna da yaro ko yarinya da ke karatun injiniya, wasu a Wudil, wasu a Jami'ar Bayero, wasu a Zariya ko Bauchi ko Yola, wasu kuma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Iyaye suna sayar da hatsi da awaki domin biyan kuɗin makaranta, ikilisiya kuma tana yi musu addu'a. Saboda haka ya kamata mu san yadda ake koyar da su, da abin da suke fitowa da shi a hannu bayan takardar shaida.

Wudil Garin Makarantu

Garin Wudil yana kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano, a bakin kogin da ruwan Kano da na Challawa suke haɗuwa su zama, wanda yake gangarawa zuwa Haɗeja. Tun kafin a yi maganar jami'a, an san garin da makarantu. An yi kwalejin horon malamai a wurin, an yi makarantar koyon sana'a, ga kuma makarantar horon manyan jami'an 'yan sanda.

Tun a shekarar 1988 gwamnatin Jihar Kano ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Ibrahim Umar, tsohon shugaban Jami'ar Bayero, domin ya duba yiwuwar kafa jami'ar jiha. Sai a shekarar 2001, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, aka buɗe ta a Wudil da tsangayoyi biyu, ta aikin gona da ta kimiyya, da ɗaliban da ba su kai ɗari ba. Daga baya aka buɗe tsangayar koyar da aikin injiniya, inda ake horar da injiniyoyin gine-gine da na lantarki da na injuna da sauransu. A shekarar 2022 aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote.

Akwai wani abin lura a wannan tarihi wanda ba na siyasa ba ne. Shi gwamnan da ya buɗe jami'ar injiniyan ruwa ne, kuma daga makarantar koyon sana'a ta Wudil ya faro. Daga nan ya tafi kwalejin koyon sana'a ta Kano, sa'an nan Kaduna, kana ya je Ingila ya yi digiri na biyu a Jami'ar Loughborough, ya kuma yi shekaru da dama yana aiki a hukumar ruwa ta jihar, wato WRECA. Haka yawancin injiniyoyin Arewa na wancan zamani suka taso. Hannunsu ya riga ya san guduma da zarto da sifana kafin a ɗora musu manyan lissafi. A yau abin ya juya: yaro yakan fito daga sakandare kai tsaye ya shiga jami'a, wani bai taɓa riƙe sifana ba. Ke nan abin da makarantar sana'a take ba wa na da, yanzu jami'a ake jira ta bayar.

Shekara Biyar A Takarda

Idan aka duba tsarin karatun, babu abin kushewa. Digirin injiniya a Nijeriya shekara biyar ne. A shekarar farko akan ƙarfafa lissafi da fiziks da kemistare. A ta biyu kowa yakan koyi zanen injiniya da ƙarfin kayan gini da aikin hannu a ɗakin koyon aiki, a lokacin hutu kuma a yi makonni ana walda da sassaƙa da haɗa wayoyi. A shekara ta huɗu ɗalibi yakan bar makaranta har wata shida ya tafi ma'aikata ko kamfani, ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF mai hedkwata a Jos ta kafa a 1973, saboda tun a lokacin masu masana'antu suna kukan cewa waɗanda suka gama karatu ba su san aiki ba. A shekarar ƙarshe kuma kowa yakan yi nasa aikin bincike, ya tsaya gaban malamai ya kāre shi.

Bugu da ƙari, akwai hukumar COREN da aka kafa a 1970, wadda take duba ingancin karatun, ta kuma yi wa masu aikin rajista. Hukumar ba injiniya mai digiri kaɗai ta sani ba. Tana yi wa rukuni huɗu rajista, tun daga injiniya har zuwa mai sana'ar hannu, domin gini ba ya tashi da zane kaɗai.

Karatun Aku

Matsalar tana tsakanin takarda da abin da ke faruwa a aji. A makarantu da yawa na ƙasar nan, malami yakan shigo ɗakin da ke cike maƙil, ya juya wa ɗalibai baya, ya cika allo da lissafi, ya goge, ya sake cikawa. Na gaba suna kwafa, na baya suna jiran su ari littafin na gaba. Idan jarrabawa ta matso, sai a nemo tambayoyin shekarun baya a haddace amsoshinsu. A zuba su a takarda, a fito, bayan mako biyu an manta. Yaro zai iya kawo maka ƙa'idar lissafin nauyin da ƙarfe zai ɗauka ba kuskure, amma ka kai shi gaban gini ka tambaye shi dalilin da ya sa aka sa rodi a ƙasan dakali ba a samansa ba, sai ya yi shiru.

A ɗakin gwaje-gwaje ma haka abin yake. Sau da yawa na'ura ɗaya ce, ɗalibai kuma ashirin sun kewaye ta. Mutum ɗaya ya taɓa, biyu su gani, sauran su kwafi sakamako. Idan aka ɗauke wuta kuma babu man janareto, sai a ce a rubuta rahoton gwajin da ba a yi ba. Watanni shidan koyon aiki kuwa, wasu sukan sami wurin kirki, wasu kuma sukan ƙare a ofis suna ɗauko fayil, wasu ma suna gida, sai ƙarshen wata su kai littafi a sa musu hannu. Akwai kuma masu sayen aikin binciken shekarar ƙarshe kamar yadda ake sayen tumatir.

Ba daidai ba ne a ɗora wa malamai laifin duka. Malamin da ke da ɗaruruwan takardun jarrabawa a gabansa, albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, ba a sayo masa kayan gwaji ba, yaya za a yi ya zauna da kowane ɗalibi? Ga kuma yajin aiki, kamar na 2022 da ya rufe jami'o'in gwamnati da yawa har wata takwas, wanda idan aka dawo sai a cusa karatun wata huɗu cikin makonni kaɗan. Tun daga tushe ma an yi sakaci. Masu shekaru za su tuna lokacin da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, aka sayo injunan koyar da sana'a daga ƙasashen waje, da yawansu suka ruɓe cikin akwatuna saboda babu wuta, babu ɗaki, babu malamin da ya iya su.

Amma fa Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A wannan sana'a ƙuƙumin ba mai shi kaɗai yake shaƙewa ba. Mutanen Kano ba su manta da ɓallewar madatsar ruwa ta Bagauda a watan Agusta na 1988 ba. Mu kuma ba za mu manta da ranar 12 ga Yuli, 2024 ba, lokacin da ginin makarantar Saints Academy a Jos ya rufta a kan yara suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Ba shari'a muka zo yi a nan ba. Abin da muke cewa shi ne, duk lissafin da injiniya ya yi a takarda, akwai rayuka da za su zauna a ƙarƙashinsa.

Abin Da Aka Gwada A Wasu Wurare

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A farkon shekarun 1990, wani malamin fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka mai suna Eric Mazur ya gano cewa ɗalibansa, waɗanda suke cin jarrabawa sarai, suna kasa amsa tambayoyi masu sauƙi idan aka cire lissafi aka nemi su yi bayani. Sai ya sake salo. Yakan yi ɗan bayani, ya jefa tambaya ɗaya, kowa ya yi tunani ya zaɓi amsarsa. Daga nan ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya yi ƙoƙarin shawo kansa. Bayan 'yan mintoci a sake amsawa. Ya tarar masu amsa daidai sukan ƙaru a karo na biyu, domin wanda ya fahimci abu yanzun nan ya fi farfesa tuna inda wuyar take.

A shekarar 2014 kuma, Scott Freeman na Jami'ar Washington da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 da aka yi a kan koyar da kimiyya da lissafi da aikin injiniya. Suka tarar cewa a azuzuwan da malami kaɗai yake magana, kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai suna faɗuwa, amma inda ake sa ɗalibai su tattauna su warware matsala da kansu a cikin aji, masu faɗuwa kusan kashi 22 ne. A ƙasar Denmark, Jami'ar Aalborg tun kafuwarta a 1974 ta tsara karatunta yadda kusan rabin lokacin ɗalibi yana tafiya ne wajen aikin rukuni a kan wata matsala ta gaske.

Abin sha'awa shi ne, hanyar Mazur ba ta bukatar wuta ko kwamfuta. Malami a Wudil ko Gombe yana iya cewa mai amsa ta ɗaya ya ɗaga yatsa ɗaya, mai ta biyu ya ɗaga biyu, nan take ya ga inda ajinsa ya tsaya.

Hukumomin ƙasarmu su ma sun fara juyowa. A watan Disamba na 2022 hukumar jami'o'i ta ƙasa ta fito da sabon tsarin darussa, inda ta tsara kashi 70 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. A 2023 kuma aka karɓi COREN a matsayin mamba ta wucin gadi a Yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashe suka ƙulla tun 1989 domin amincewa da digirin injiniya na juna. Sharaɗin wannan yarjejeniya shi ne a riƙa auna makaranta da abin da ɗalibinta ya iya yi ranar da ya gama, ba da yawan darussan da aka karanta masa ba.

Darasi A Bakin Kogi

Wannan kashi 30 dama ce babba ga wuri irin Wudil, domin garin kansa ɗakin gwaji ne. Mu ɗauki yashin nan da tifofi suke kwasa. A ce malami ya aiki ɗalibansa rukuni rukuni su ɗebo yashi daga wurare dabam dabam. Kowane rukuni ya zuba nasa a kwalba, ya ƙara ruwa, ya girgiza, ya ajiye. Yashi zai fara kwantawa, laka ta biyo baya ta zauna a samansa, kowa ya ga da idonsa wanne ne mai tsabta, wanne ne zai hana siminti kamawa.

Sa'an nan su kwaɓa kankare da hannunsu, awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Wani rukuni ya sa ruwa daidai, wani ya cika ruwa kamar yadda leburori suke so domin kwaɓin ya yi sauƙin ɗiba a kwanon sarki. A zuba a ma'auni mai kusurwa huɗu, wasu a jiƙa su cikin ruwa, wasu a bar su a rana. A kwana na 7 da na 28 a sa su a na'urar matsi a ga nauyin da kowanne zai ɗauka kafin ya fashe. Yaron da ya ga yadda kankaren da aka cika wa ruwa, ko wanda aka bari ya bushe ba ban ruwa, ya farfashe tun kafin ɗan'uwansa, ba zai taɓa mantawa ba. Ranar da ɗan kwangila ya ce masa a ƙara ruwa a rage siminti, ya san abin da ake nema ya sa wa hannu. Gani ya kori ji.

Haka yake ga sauran fannoni. Masu noman rani a bakin kogi suna fama da injin ban ruwa, ga aikin ɗalibin injuna. Ƙauyuka suna da rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana da suka tsaya, ga aikin ɗalibin lantarki. Kasuwar kara tana tara kashin shanu da ruwan datti, ga aikin ɗalibin ruwa da muhalli. Matsalar da ke da mai ita, wanda zai dawo ya ce maka abin bai yi ba, ta fi tambayar littafi koyarwa.

Abin Da Muka Gada

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, bai zauna a aji ba, kuma masana gini sun sha zuwa kallon bakan-gizon da ya ɗaure da ƙasa da azara. Yaran magina da na maƙera suna koyo ne ta kallo da taɓawa da yin kuskure a gaban maigida. Haka ake yi har gobe a Panteka ta Kaduna da garejin makanikai na kowane gari. Abin da suka rasa shi ne lissafin da zai gaya musu dalili. Abin da ɗan jami'a ya rasa kuma shi ne hannunsu. Injiniyan kirki shi ne wanda ya haɗa biyun, kuma bai raina birkila ko mai walda ba.

Ikilisiya ma ta san wannan tun da. Makarantar Hope Waddell da 'yan mishan suka buɗe a Kalaba a 1895 ta koyar da kafinta da gini da ɗab'i tare da karatu. A Gindiri, inda mishan ta SUM ta kafa makaranta a 1934, an haɗa karatu da noma. A cikin Littafi Mai Tsarki kuma, Littafin Fitowa sura 31 da 35 ya ba mu labarin Bezalel da Oholiyab, waɗanda Allah ya ba su gwanintar aikin ƙarfe da dutse da itace, ya kuma ba su baiwar koya wa waɗansu. A Maimaitawar Shari'a sura 22 an umarci mai sabon gida ya yi wa soronsa rawani domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ashe kiyaye rai a wurin gini umarni ne tun kafin a yi COREN. Ubangijinmu Yesu da kansa an san shi da sassaƙa a Nazarat, kuma almajiransa ba a aji ya ajiye su ba. Ya yi tafiya da su, ya yi musu tambayoyi, ya aike su biyu biyu, suka dawo suka ba da rahoto, ya gyara musu.

Ina Namu Aikin?

Da farko, iyaye. Idan yaro ya dawo hutu, kada tambayar ta tsaya a kan sakamakon jarrabawa. A ce ya bayyana wa ƙanensa da Hausa abin da ya koya. A nuna masa famfon da ya lalace ko fitilar da ta ƙi kamawa. Kada kuma a ji kunya idan ya ce zai yi hutunsa a gareji ko wurin masu walda. Wanda Allah ya ba shi hannu kuma, kada a hana shi kwalejin koyon sana'a don ana ganin ta kasa jami'a. Mun ga inda ta kai waɗansu. Wannan duka har da 'ya'yanmu mata, domin lissafi bai san namiji ko mace ba.

Na biyu, dattawan ikilisiya. Kusan kowace majami'a tana da gini a gabanta, ko ɗakin sujada, ko gidan fasto, ko ajin makaranta. A kira ɗalibanmu su tsaya tare da injiniyan da ke duba aikin, su riƙe igiyar awo, su ƙirga rodi, su yi tambaya. Amma a yi hattara. Kada don neman sauƙi a miƙa wa ɗan aji uku ginin bene a ce ai injiniya ne. Kuɗin da za a biya injiniya mai rajista bai kai ran mutum ɗaya daga cikin masu sujada ba.

Na uku, 'yan'uwa masu kamfani ko gareji ko shagon lantarki. Neman wurin koyon aiki na wata shida yana wahalar da ɗalibai ƙwarai. Ku karɓe su, ko na ikilisiya ne ko 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi, domin gadar da za su gina dukanmu za mu hau. Ku ba su aiki na gaske, kada kuma ku sa hannu a littafin wanda bai zo ba.

Na huɗu, ku ɗalibai. Zumuntarku ta makaranta tana iya kafa ƙananan rukunoni na karatu, inda kowa zai tsaya ya koyar da ɗan'uwansa, na gaba su ja na baya. Matambayi ba ya ɓata. Satar amsa da sayen aikin bincike da rubuta sakamakon gwajin da ba a yi ba, duk shaidar zur ce, ko da kowa a ajin yana yi. Wanda ya saba ƙirƙiro lamba a ɗakin gwaji, ba zai ji nauyin ƙirƙiro ta a wurin gini ba.

A ƙarshe, mu riƙa tunawa da malaman nan cikin addu'a, na Wudil da na sauran makarantu, waɗanda da yawansu suna iyakar ƙoƙarinsu da ɗan abin da ke hannunsu. Idan kuma hanya ta sake bi da kai ta gadar Wudil, ɗan'uwa, ka tuna cewa waɗanda za su gyara ta, su gina wadda za ta gaje ta, suna zaune a aji yanzu haka, wataƙila ɗanka ko 'yarka na cikinsu. Ubangiji ya ba su hikima da gwaninta da tsoronsa, ya kuma kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.